ART X ko zagayen galari? Amsa ga Malama mai guzurin tafiya ɗaya

Malama, tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama, don ba abin da za a sallama da layi biyu ba ne. Ga waɗanda ba su gani ba: Malama tana koyar da zane a wata makarantar sakandare a Kano, ita ma tana taɓawa, ta tara guzurin tafiya ɗaya tak. Shi ne take tambaya, ta jira watan Nuwamba ta je ART X Lagos, ko ta tashi a hutun nan ta zagaya galari-galarin Abuja da Legas, wato ɗakunan baje kolin zane?

Na je duka biyun, kuma abin da zan fara faɗa miki shi ne ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. ART X kasuwa ce. Galari kuwa zaure ne.

Ki ɗauki kasuwar duniya ta Kaduna, ki kwashe injinan ban ruwa da katifu ki zuba zane-zane da sassaƙa, to kin samu hoton abin. Tokini Peterside ce ta kafa ART X a 2016, ana yin ta a farkon Nuwamba, 'yan kwanaki kawai da suka haɗa da ƙarshen mako, kuma a shekarun nan a otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island ake ci. Kowane galari yana kama rumfarsa, wasu daga Legas, wasu daga Accra, Abidjan ko Landan. Kuɗin rumfa na kansu, haka kuɗin dakon kaya da inshora da masaukin ma'aikata. Wanda ya kashe wannan kuɗi dole ya mayar da shi cikin kwana uku ko huɗu, saboda haka abin da zai ɗauko shi ne abin da ke fizgar ido daga nesa, mai girma, mai launi, na mai zanen da sunansa ke tashe. Ba laifi ba ne, haka kasuwa ta gada. Amma ki sani aikin da ke magana a hankali, irin wanda sai an tsaya an saurara, sau da yawa a gida ake barinsa.

Galari ba ya cikin wannan gaggawa. Yawanci mutum ɗaya ake ba ɗakin gaba ɗaya, ko mutum uku zuwa huɗu da wata magana ta haɗa su, a rataye aikin ya yi wata guda ko fiye. Akwai wanda ya zauna ya tsara wanne zai fuskanci ƙofa, wanne zai bi wanne. A rumfar kasuwa za ki ga aiki ɗaya ko biyu na mai zane, ki ce ya burge ki ko bai burge ki ba. A galari za ki ga goma sha biyar nasa a jere, ki gane inda ya faro, inda ya yi ta fama da abu ɗaya har ya ci ƙarfinsa, da inda bai kai ba tukuna. Ga mai koyarwa, a nan karatun yake.

Wata ranar Laraba da hantsi na shiga wani galari a Ikoyi, ba kowa sai ni da yarinyar da ke kan tebur, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Akwai wani aiki a bangon ƙarshe da na ɗauka daga bakin ƙofa fenti ne baƙi da ruwan toka. Da na matsa har numfashina ya kusa taɓa shi, sai na ga ashe yadi ne aka rina da shuni, aka bi shi da allura, ɗinki ƙanana-ƙanana kamar aikin hular zanna, wasu wuraren an bar zaren yana lilo da gangan. Na ja da baya, na dawo, na sake ja. Na fi minti ashirin a gabansa ba wanda ya ce mini matsa. Yarinyar ta ga na daɗe, ta taso ta miƙo mini takardar bayani, ta gaya mini wata nawa mai aikin ta yi a kansa. Wannan tsayuwar ba ta samuwa a kasuwa ranar Asabar da yamma, lokacin da mutum biyar ke bayanki suna jiran su ɗauki hoto. Ido ma yana gajiya kamar ƙafa. Bayan rumfa ta goma sai komai ya fara yi miki kama da juna.

To me ya sa har yanzu nake zuwa kasuwar? Saboda akwai abin da galari ba zai taɓa ba ki ba. A yini ɗaya za ki ga abin da masu zane na ƙasashe da dama ke yi a wannan shekarar, abin da in galari-galari za ki bi, sai kin yi fasfo da biza. Za ki ji farashi da kunnenki, ki san me ake kira tsada a wannan harka. Akwai zaman tattaunawa da masu zane da masu tara kayan fasaha, ki zauna ki ji yadda suke magana a kan aikinsu. Wani lokaci kuma ana kawo abin da ba a saba gani ba. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda ya ɓace shekara da shekaru kafin a gano shi a wani gida a Landan, an sayar da shi a gwanjon Bonhams a 2018 kan fam miliyan 1.2, kuma a ART X ta 2018 ɗin mutanen Legas suka tsaya a gabansa ido da ido. Sannan girmanta daidai da baƙo ne. Kasuwar zane ta Art Basel a Suwizalan galari sama da 200 take tarawa, mutum ya yi kwana uku bai gama ba. Ta Legas kina iya zagaye ta a yini ɗaya, har ki koma kan abin da ya tsaya miki a rai.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Kasuwa sai da tikiti, galari kuwa yawancinsu kyauta ake shiga, ba kuma wanda zai harare ki don ba ki sayi komai ba. A duka biyun in kin ga ɗan jan ɗigo manne kusa da sunan aiki, an riga an saya. Ranar farko ta kasuwa ta masu katin gayyata ce, manyan masu saye, don haka kafin a buɗe wa jama'a jan ɗigon ya riga ya yi yawa. Kada ki ji nauyin tambayar farashi, ko da kin san ya fi ƙarfinki. In kuma Allah ya hore kin sayi ɗan ƙarami, ki karɓi takardar shaidar cewa aikin na mai shi ne, da sa hannu, ki adana ta tare da rasit.

Kin ce ke ma kina zane, to ga abin da na ga yana ba matasa kunya. Kada ki ɗauki ayyukanki ki nufi rumfa da su. Mai rumfa idonsa na kan ƙofa yana jiran mai saye, ko ya karɓa don kara, ba zai duba ba. Ki gaishe shi, ki karɓi katinsa, ki rubuta a baya wane irin aiki ya kawo. Bayan mako biyu, ƙura ta lafa, ki tura masa hotuna goma masu kyau da ɗan bayani. A galari ne, ranar da ba kowa, ake samun mai sauraro. Rele Gallery, wadda Adenrele Sonariwo ta buɗe a 2015, tana da shirin Young Contemporaries na fito da sababbin hannu, ki bibiyi sanarwarsu. Ki kuma shiga da sanin cewa galari kan ɗauki kaso mai tsoka na kuɗin aikin da ya sayar, sau da yawa rabi.

Akwai wani abu da na san yana ranki ko ba ki faɗa ba, tunda daga gida ɗaya muka fito. Eh, za ki ci karo da zanen mutum ba sutura, a kasuwa da galari duka, kuma daren buɗe baje koli ana zagayawa da giya. A galari kina da zaɓi: ki duba shafinsu na Instagram ki ga abin da aka rataye kafin ki taka, ki kuma bar daren buɗewa ki je washegari da rana. A kasuwa ba ki da wannan, rumfa tana manne da rumfa, sai dai ki kau da kai ki wuce. Amma kada wannan ya hana ki. Kaso mai yawa na aikin zamani babu siffar mai rai a ciki sam. El Anatsui, ɗan Ghana da ya yi shekaru yana koyarwa a Nsukka, murafen kwalabe yake dakewa a ɗinke su da wayar tagulla, su zama wani faffaɗan abu mai sheƙi da ke zubowa daga bango kamar an baza babbar riga.

In kin sauka Legas, ki fara da Nike Art Gallery a Lekki. Dogon farin bene ne cike da dubban ayyuka tun daga ƙasa har sama, tsofaffin hannu da sababbi a cakuɗe, ga adire, rinin shuni na Yarabawa, wanda duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marinar Ƙofar Mata zai gane ɗan'uwansa ne. Daga nan galarin Omenka da galarin kó, duka a Ikoyi. Cibiyar fasahar zamani ta CCA Lagos da marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007 tana Yaba, a tsallaken gada, ba wurin ciniki ba ce, kuma ɗakin karatunta kaɗai ya isa a ba shi rabin yini. Ki ware mata rana daban saboda gosulo. A Abuja akwai Thought Pyramid a Wuse 2, da Retro Africa, da reshen Nike a hanyar filin jirgin sama. Ko'ina za ki, ki kira tukuna, don tsakanin baje koli biyu kina iya tarar da bango fayau.

Da ni ce ke, Nuwamba zan jira. Galari-galarin Legas sun san makon nan ne baƙi ke cika gari, shi ya sa suke ajiye manyan baje kolinsu su buɗe a lokacin. Ki ba kasuwa yini ɗaya, ki je da safe ana buɗe ƙofa, da takalmi marar tsini da ɗan littafin rubutu, sauran kwana biyun ki ba galari. Sai dai Nuwamba tsakiyar zangon karatu ne, masauki a Victoria Island kuma ba arha. In shugaban makaranta bai ba ki Juma'a da Litinin ba, ki tafi a hutu ki yi galari zalla. Abin da za ki kai wa ɗalibanki a can ya fi yawa.

Kafin duk wannan kuma, Malama, ki shiga mota ki je Zariya. A can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce a haɗa abin da Bature ya koyar da abin da aka gada a gida, kuma har gobe ana jin tasirinsu a bangon galari-galarin Legas. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan, 'yan ajin ƙarshe suna baje ayyukansu in sun kammala. Ki nemi ranar, ki cika bas ɗaya da 'yan ajinki, ku je ku dawo kafin magariba.