Titaniyam ko zaren kabon: wanne ne kwamfuta ta fi iya lissafa ƙarfinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya game da gangar jikin na'urar nan da ke nutso a teku ita kaɗai ba matuƙi: in za a gwada ƙarfinta a kwamfuta kafin a ƙera, ƙarfen titaniyam ya fi ko zaren kabon (carbon fibre)?

A zurfin mita 6,000, kowane santimita murabba'i na jikinta yana ɗauke da kusan kilo 600. Kamar a ɗora maka buhun masara shida ne a kan farcen babban yatsa.

Titaniyam ba ya wahalar da mai lissafi, domin ƙarfinsa ɗaya ne ta kowace fuska. Manhaja irin ANSYS ko Abaqus za ta yanka zanen gangar gutsi-gutsi, ta auna abin da kowane gutsure ke ɗauka, amsar kuma takan zo kusa da abin da za a gani a tankin gwaji, inda ake matsa gangar da ruwa kamar a ƙasan teku. Sai dai fa siririyar ganga lotsewa take yi tun ƙarfen bai kai iyakarsa ba, kuma ƴar karkacewa wajen ƙira ta isa ta jawo hakan da wuri. Dole injiniya ya sa wannan karkacewar a zanen da hannunsa. Aibin titaniyam tsada da nauyi: giram 4.4 a santimita kubik, zaren kabon kuwa kusan 1.6.

Wannan rashin nauyin na zaren kabon shi ke jan hankalin masu ƙira, don yana ba da damar ƙara batir. Amma shimfiɗa-shimfiɗa ake yin sa da danƙo, ƙarfinsa kuma ya dogara ga inda zaren ya fuskanta. Kwamfuta ɗauka take kowace shimfiɗa ta manne lafiya lau. Kumfar iskar da ta maƙale a ciki, ko zaren da ya yamutse, ba ruwanta da su sai an faɗa mata, alhali nan ne ɓarna ke taruwa nutso bayan nutso. Jirgin nutso mai gangar zaren kabon, Titan, da ya murƙushe a Yunin 2023 da mutum biyar a ciki, masu bincike sun tarar da irin waɗannan lahani a gangarsa, ko da yake shi mai ɗaukar mutane ne.

Dubi dabarar HUGIN, na'urar nutso mara matuƙi ta kamfanin Kongsberg a Norway: zaren kabon a waje, ruwa na shiga yana fita, kayan lantarki kuma suna cikin ƙananan tukwane masu jure matsi. In aikinka tukunyar matsi ce mai zurfi, ni dai titaniyam zan ba ka shawara, ka kuma ware kuɗin tankin gwaji tun farko.