Wace hanyar bincike za ka ɗauka kafin ka shiga fili?

Ɗalibin ilimin zamantakewa da zai fara aikin kammala digiri yakan tarar da hanyoyi uku a gabansa: takardar tambayoyi, ko hira, ko kuma zama cikin mutanen da yake nazari yana lura da rayuwarsu. Ni dai ta ukun ce zaɓina, kuma ba zan ɓoye ba.

Masanan da suka bi sawun Max Weber, masanin zamantakewa na Jamus, sun tafi a kan cewa ba a gane aikin ɗan Adam sai an san ma'anar da mai aikin ya ba shi, ita kuwa ma'ana ba a hango ta daga nesa. Malinowski, masanin al'adun ɗan Adam, ya kafa tantinsa cikin ƙauye a tsibiran Trobriand da ke kusa da New Guinea tsakanin 1915 da 1918, har ya ji harshen mutanen. Abner Cohen kuma, shi ma masanin al'adun ɗan Adam, ya yi 1962 zuwa 1963 yana cuɗanya da Hausawan unguwar Sabo a Ibadan, masu fataucin goro da shanu, ya gano cewa bashin shanun da mahauta ke ɗauka ba tare da takarda ba ya rataya ne a wuyan maigida da dillalansa. Ka tambayi dillali nawa la'adarsa, murmushi kawai zai yi maka. Sai ka wuni a kan benci a kara kafin ka ga yadda ake sallamawa.

Hira tana ba ka abin da mutum ya ga dama ka ji. Takardar tambayoyi tana da araha da sauri, iyakarta ke nan.

Shi ma zama cikin mutane yana da nasa aibin: yana cin watanni, mutane sukan gyara hali idan sun san ana kallonsu, kuma sabo na iya rufe maka ido.

Amma babban abin tsoro shi ne algus. Na taɓa ɗaukar wani mataimaki ya raba mini takardu a kasuwa, ashe gindin bishiya ya samu ya cike su duka da biro ɗaya, har kuskuren rubutun ma iri ɗaya ne. Haka wasu ke leƙa unguwa kwana 3, su ɗauki hoto da mai unguwa, su dawo suna cewa sun zauna da jama'a. Kafin ka dogara da aikin kowa, nemi littafin da yake rubuta abin da ya gani kullum, ka duba kwanan wata, sannan ka tambaye shi gidan wa ya sauka da kuma wanda ya gabatar da shi.