Shagon kifin adon da ya sayar min da oktofas: tauraro biyu na ba su, su ma albarkacin gilashi

Jama'a assalamu alaikum. Sai da na bari zuciyata ta huce tukunna na zauna rubuta wannan, don da a lokacin da abin ya faru ne wallahi zagi kawai za ku karanta. Ba zan kama sunan shagon ba, a cikin birnin Kano dai yake, kifin ado suke sayarwa da akwatunan gilashi, kullum suna cika mana status a WhatsApp da bidiyo.

Ni a wani ƙauye nake gefen dam ɗin Tiga, tarwaɗa nake kiwo a tamfol uku bayan gida, shekara bakwai kenan, don haka gani nake ruwa da kifi ba wanda zai koya min. Toh wannan jin kan ne ya kai ni. Sannan tun 2010 abin yake raina, lokacin kofin duniya na Afirka ta Kudu da muke cika gidan kallon bal ana labarin wata halitta mai hannu takwas a Jamus mai suna Paul, wai a ajiye mata akwati biyu da tutoci ta zaɓi wanda zai ci, kuma wasa takwas ta canka daidai har na ƙarshe da Sifen ta ci Holan ɗaya da nema. Ranar da na ga mai shagon nan ya ɗora bidiyon irin wannan halittar, wato oktofas, tana murɗe murfin kwalba tana ciro kaguwa, ya rubuta wai ana kawowa daga Legas in mutum ya yi oda, ban yi shawara da kowa ba na sayar da buhun shinkafa huɗu na hau mota.

Bari in fara da alherinsu don kar a ce son zuciya. Akwatin gilashin mai cin lita 200 aiki ne mai kyau, mun ɗauko shi a bayan a-kori-kura kan hanyarmu mai gargada ko tsagewa bai yi ba, har yau ɗigo ɗaya bai taɓa zubarwa ba. Gishirin da suka ba ni ma na gaske ne, irin wanda ake haɗawa musamman don ya zama ruwan teku, ba gishirin miya ba, kuma yaron shagon ya biyo ni har gida ya haɗa famfo da matata, yaro mai ladabi, Inna har fura ta dama masa. Iyakar yabon kenan.

Matsala ta farko lissafin ruwa, wanda ba su yi min shi a shago ba sai da na zo gida na yi da kaina. Ruwan teku kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, lita 200 kenan kilo 7 cif a cikawa ɗaya. Ni da na saba in ruwan tarwaɗa ya yi wari in buɗe bututu in zubar in tayar da burtsatse, a nan duk bokitin da ka zubar kuɗi ka zubar. Kuma yaron yace ruwan burtsatse ba zai yi ba sai tatacce, haka na sayo fiya wata jaka 20, yara suka zauna da reza suna fasa leda ɗai-ɗai suna juyewa tun hantsi har la'asar, maƙwabta na leƙowa suna tambaya ko biki za a yi.

Na tambayi mai shagon yaushe za a saka dabbar, yace "Alaji kwana uku ya isa." Ƙarya ce. Ƙanina da ke karatun kimiyyar dabbobi a jami'a, wanda ya kamata in kira tun farko, daga baya yake gaya min sabon akwatin ruwan gishiri sai ya yi sati huɗu zuwa takwas yana aiki ba kowa a ciki, kafin ƙwayoyin da ke cinye dattin kashin dabba su kafu a matatar. In ba haka ba amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin, ita ce za ta taru, abin da mu masu tarwaɗa muka sani sarai, sai dai tarwaɗa jaki ce tana jurewa, wannan kuwa ba ta jurewa.

An kawo kayan a kwalin kumfa bayan tafiyar kusan kilomita dubu a motar dare. Leda uku: oktofas ɗaya da sikwid biyu, wata 'yar'uwar oktofas ce mai dogon jiki, su wai gyara aka yi min. Sikwid ɗaya tun a hanya ta mutu, ledar ta yi baƙi ƙirin da tawadarta. Ɗayar kuma ina zuba ta sai ta dinga harba kanta da baya kamar kibiya tana bugun gilashi, tas, tas, duk dare muna ji daga ɗaki, da asuba tana kwance a ƙasa bayanta ya saɓule. Ashe ita halittar tsakiyar teku ce da ba ta san bango ba, ko manyan wuraren bincike sai sun yi mata ƙaton tanki mai zagaye kuma duk da haka da ƙyar. Mutumin da ya san haka ya ba ka ita gyara bai yi maka gyara ba.

Oktofas ɗin ce ta rayu, kuma gaskiya ba zan ɓoye ba, na so dabbar nan. Kanta bai fi dunƙulen hannuna ba. Na saka mata wani tsohon tulu da bakinsa ya fashe, ta shige ta jawo duwatsu ta toshe ƙofa ta bar ido ɗaya a waje, idon nan kuma ƙwayarsa a kwance take kamar ta akuya. Da rana ba ka ganinta, sai bayan isha'i ta fito. Ranar farko da na sa yatsa ta naɗe shi da hannu ɗaya, ƙananan kofunan nan na jikin hannun suna tsotsa suna saki ɗaya bayan ɗaya, ƙanina yace ɗanɗana ni take, wai da su take jin ɗanɗano, kuma mafi yawan jijiyoyin tunaninta ma a hannuwan suke ba a kai ba. Zuciya uku gare ta, jininta shuɗi. In ta ga kaguwa sai jikinta ya rikiɗe daga launin ƙasa ya koma jajaja ya yi ƙuraje, cikin ƙiftawar ido. Inna da ta gani da idonta sai ta ja da baya tana "A'uzubillahi, kai ɗan nan me ka kawo mana gida?" Kafin sati labari ya zaga gari wai na ajiye abin kuɗi a ɗaki. Sai da na gayyato malam liman ya gani, ya yi tasbihi, yace halittar Allah ce, a mazhabar Malikiyya ma duk abin da ke cikin teku halal ne, amma shi dai ko kyauta ba zai ci ba.

Abinci wani tashin hankalin ne. A shago an ce min tana cin komai. Na watsa mata abincin tarwaɗa ta kalle shi ta feso shi waje da ruwa. Kaguwa mai rai take so ko jatan lande, haka na koma biyan yara suna kamo min kaguwa a bakin kanal, in ba a samu ba sai an yo min saƙon daskararren jatan lande daga birni.

Dare na tara uwargida ta tashe ni, "Malam, Malam, abinka ya fito!" Na haska fitilar waya sai ga ta a ƙasa kusa da randa ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Murfin da suka sayar min yana da ɗan rami na wucewar waya, bai kai bakin kwalbar lemo ba, ta nan ta zurara, tunda ba ta da ƙashi ko ɗaya sai ɗan baki mai tauri irin na aku, duk inda bakin ya wuce sauran jiki zai bi. Ko a New Zealand a 2016 wata mai suna Inky ta tsere daga babban gidan ajiye halittun ruwa na garin Napier ta bi bututu ta koma teku, balle murfin roba. Na mayar da ita, ta saki tawada ruwan ya yi duhu, ƙarfe biyun dare ina dama gishiri a baho ina canza ruwa. Washegari na toshe ramin na ɗora bulo biyu.

Sai Afrilu ta shigo. Ku da kuke nan kun san zafinmu, sama da 40 a inuwa, ga wuta sai a yi kwana uku ba a kawo ba. Ruwan ya kai 31, kuma ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take, sai ka gan ta tana numfashi da sauri ta yi fari fat. Akwai injin sanyaya ruwa da ake sawa, ba wanda ya ambata min shi sai da na kira ina ƙorafi sannan yace "ai muna da shi Alaji," kuɗinsa ya fi na duk abin da na saya a haɗe. Na koma aiken ɗan acaɓa yana sayo min ƙanƙara a gora ina jefawa, janareta na shan fetur don famfo kar ya tsaya, su kuma tarwaɗata na can na yi sakaci da su har tamfol ɗaya ya fara mutuwa.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar shekaru. Da bakinsa yace min yarinya ce, za ta yi shekara biyar. A sati na shida ta daina cin abinci, ta ƙi fitowa, na leƙa tulun da fitila sai ga ƙwai reto-reto a rufin kamar zangarniyar shinkafa ƙanana farare, tana shafa su da hannu tana hura musu ruwa. Murna na fara yi, na kira ƙanina. Ya yi shiru sannan yace "Yaya sai haƙuri." Irin da aka fi sani duk rayuwarta shekara ɗaya ce zuwa biyu, sau ɗaya take ƙwai, daga nan ba ta ƙara cin komai sai gadi har ta mutu. Yace a 1977 wani mai bincike a Amurka ya cire wa irin waɗannan uwayen wata 'yar tsoka da ke kusa da ido sai suka koma cin abinci suka ƙara kwana, wato abin a jikinta yake a rubuce, ba laifin ƙanƙarata ba ne. Wadda aka kamo a teku kuwa ba mai iya ce maka ga watanninta, masunta ne suka ciro ta, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso gare ni, mai shagon ko sunan irinta bai sani ba da na matsa masa. Cinikin biri a sama na yi, na sayi tsohuwa a kuɗin budurwa.

Sati uku ta yi tana ramewa a kan ƙwan, fatarta ta saki, wata Talata da safe na tarar ta faɗo daga bakin tulun. Ƙwan ma ba su yi komai ba, suka yi fumfuna. Yara suka haƙa rami gindin darbejiya suka binne ta, ƙaramar har da kuka.

Na tura masa hoto. Amsar da ya turo da murya: "Allah sarki, ƙaddara ce Alaji, akwai wata tana hanya ranar Asabar, zan rage maka dubu goma." Ban amsa ba. In gilashi kake so ko kifin ado na ruwan daɗi, je ka saya, aikinsu na gilashi ba laifi, shi ya sa tauraro biyun. Nawa akwatin na wanke shi sau uku na cika da ruwan burtsatse, 'ya'yan karfasa goma sha biyu ne a ciki yanzu, tulun ma yana nan don uwargida ta hana a fitar.