Ciyawa ko tsakuwa a tsakar gida?

Ni dai a Marwa, arewacin Kamaru, ban ga amfanin shimfiɗa ciyawa a gida ba. Eh tana da kyau, yara su yi birgima ba ƙura, amma damina wata huɗu ce kawai, daga Maris zafi ya wuce digiri 40 sai kullum ban ruwa safe da yamma, kuɗin famfo ya yi ta hawa, ka yi tafiyar sati ɗaya ka tarar ta ƙone.

Tsakuwa kuwa sau ɗaya za ka zuba. Ka dasa darbejiya don inuwa, zogale don miya, ruwan alwala ma ya ishe su in sun kama. Aibin tsakuwa zafi da rana, shi ya sa na bar wa yara yashi ƙarƙashin bishiya.