Dambun Zogale a Wani Gidan Abinci Kusa da Kasuwar Muda Lawal

Tun da ƙanwata ta samu juna biyu aka ce mata jininta ya yi ƙasa, nake lura da abin da matan unguwarmu a Bauchi suke ci, kuma yawanci tuwo ne da miyar kuka safe da dare, ko taliya da manja. Wannan ne ya sa na yaba da wani ƙaramin gidan abinci kusa da Kasuwar Muda Lawal, inda wata dattijuwa ke sayar da dambun masara.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana auna abincin mata masu shekara 15 zuwa 49 da rukunin abinci 10, inda ake so mace ta ci aƙalla 5 a yini. Kwano ɗaya na dambun nan ya kai wannan adadi, domin akwai tsakin masara, da zogale mai yawa, da ƙuli-ƙuli, da karas, da albasa da tumatir, kuma wadda ta ƙara dafaffen ƙwai ta samu na shida. Zogalen ne ya fi burge ni, saboda ba a dafa shi har ya yi baƙi ba, kuma kuɗin kwanon bai kai na shinkafa da nama ba.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne yawan gishiri da magi, wanda bai dace da mai ciki da ke fama da hawan jini ba. Na faɗa wa Hajiya, ta ce za ta riƙa ware wa masu ciki nasu kafin ta zuba.