Zafin inji a sabon mashin mara lagireto, abin da na gani a nawa

Mashin ɗin 150cc ne, giya biyar, sabo dal daga kwali, a nan Kano na saya gab da shigowar bazara. Yana da ja, baya shan mai sosai, kujerarsa da faɗi, birkin ma ba laifi, duk wannan ba shi ne ya sa nake rubutun nan ba. Maganar zafin inji ce, don ita ce ta hana ni jin daɗin mashin ɗin a farkon sayensa, kuma na lura duk wanda ya fito da sabo sai ya yi wannan ƙorafin, wani ma har ya fara zargin ko tsohon inji aka yi wa fenti aka sayar masa.

Yadda abin yake shi ne, in kana kan titi kana tafiya ba ka jin komai, amma ka shiga cunkoson Sabon Gari ko wajen Ƙofar Ruwa da azahar, ka tsaya ka matsa ka tsaya ka matsa, sai ka ji wani huci yana tasowa yana dukan ƙwaurinka ta cikin wando, ga wani wari kamar ana ƙona roba, in ka isa gida ka kashe kuma sai ya dinga wani ƙas ƙas ƙas shi kaɗai. Wuyan salansa kuwa tun da wuri ya fara canza kala, ya yi ruwan ɗorawa sannan ya ɗan yi shuɗi daga sama. Mutum ya tara kuɗinsa da ƙyar ya sayi abu, dole hankalinsa ya tashi. Na koma wajen wanda ya sayar min, amsar da na samu ita ce "ai haka sabo yake Alhaji, ka ci gaba da hawa kawai". Wallahi wannan amsar ta ɓata min rai, ba don ƙarya ba ce gaba ɗaya, sai don rabin gaskiya ce, kuma ɗaya rabin da bai faɗa ba shi ne ke kashe wa mutane inji.

Rabin da yake gaskiya dai ga shi. Irin wannan injin ba shi da lagireto ba shi da ruwa ba shi da fanka, waɗannan yanka-yankan ƙarfen da ke jikin silinda da kan inji su ne ke ɗebo zafin su miƙa wa iska, sai kuma baƙin mai da ke zagayawa a ciki yana kwasar nasa. To in mashin yana tsaye iskar daga ina za ta zo? Balle a watan Afrilu da garin kan kai digiri 40 ko ya wuce, iskar da ake so ta sanyaya injin ita kanta da zafinta take zuwa. Ga shi sabo, ringi da fistin da jikin silinda ba su gama zama da juna ba, gogayya ta fi yawa, dole ya fi wanda ya kwana biyu a titi ɗumi. Warin nan fenti ne da man da ake shafa wa ƙarfe don kar ya yi tsatsa suke ƙonewa, da kansa ya daina. Ƙas ƙas ɗin kuma ƙarfe ne da ya buɗe da zafi yake komawa yana hucewa, har yau nawa yana yi kuma lafiyarsa ƙalau.

Wani abu da nake so mutane su daina shi ne gwada inji da hannu. Sai ka ga mutum ya taɓa kan inji ya janye da sauri ya ce kai wannan ya yi oba. Fatar mutum ko digiri 60 ba ta iya jurewa, alhali baƙin man inji mai lafiya yana aiki ne wajen 90 zuwa 110, kan silinda kuwa na mai sanyaya da iska yana iya kaiwa 150 har ya haura ba tare da wata matsala ba, wuyan salansa ya ninka haka. Ko ruwa ka ɗiga ya yi cuuu ya ƙafe, abin da ya nuna kawai shi ne wurin ya wuce 100, kuma dama ya kamata ya wuce. A nan ne nake ganin laifin masu ƙera irin waɗannan mashina, ba su sa ko ɗan fitila ɗaya da zai nuna maka zafi ya yi yawa ba, mita ce kawai ta gudu da ta mai da fitilar nutural, sauran sai dai ka yi ta hasashe. A ƙasa mai zafi irin tamu ni a ganina wannan ragi ne babba.

Amma nawa akwai abin da ya wuce na sabunta, don bayan ya ɗau zafi a gosulo sai ya fara wani ƙara siriri can cikin kan inji in na ja totur, kamar ana kaɗa ƙananan kusoshi a gwangwani, ƙarfinsa ya ragu, in na saki totur kuma sulo ɗin baya sauka nan take sai ya ɗan rataye a sama tukuna. Wannan ba haka sabo yake ba. Na kai shi wajen wani dattijon bakanike da ke unguwarmu, tun muna yara yake gyaran babura. Bai ce komai ba, ya bari ya huce ya kwance fulogi ya ɗaga min a rana, bakin fulogin fari fat, busasshe. Ya ce "ɗana waye ya taɓa maka kafireto?" Na ce Baba ba wanda ya taɓa, yadda aka haɗa min shi a kasuwa haka yake. Ya ce to masu haɗawar ne, sun shaƙe masa mai.

Bayanin da ya yi min shi ne tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya zo sayen mashin maganarsa ɗaya ce, a saita min shi kar ya sha mai, har wasu yaran masu haɗawa suka mayar da abin al'ada, ko ba ka ce ba za su murɗe sukurun kafireto su rage. In man da ke shiga ya yi kaɗan iska ta yi yawa, injin zafi yake ƙarawa, don shi fetur ɗin kansa yana taimakawa wajen sanyaya cikin silinda. Kuma wannan sukurun ya fi tasiri ne a sulo da ƙaramin totur, wato daidai irin tuƙin da kake yi a cunkoso, lokacin da babu iskar ma. Ka ga an haɗa masa biyu kenan. Ya mayar da sukurun inda ya dace, ya sauke sulo don shi ma an ɗaga shi da yawa, ya duba tafet, wato ɗan gibin da ake bar wa bawul, da inji a sanyaye ya samu na ɓangaren salansa ya matse ya sake shi kaɗan, ya ce bawul ɗin da baya zama sosai baya samun damar sauke zafinsa a mazauninsa, a haka yake ƙonewa. Da na dawo daga baya muka sake kwance fulogin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙaran nan ya ɓace. Man da yake sha ya ɗan ƙaru, gaskiya ne, ban ɓoye ba, amma ɗan abin da ya ƙaru ina zai kai kuɗin ringi da fistin da borin?

Sai maganar baƙin mai, wadda ni yanzu na fi ɗaukarta da muhimmanci fiye da komai. Duka-duka abin da injin nan ke ɗauka wajen lita 1 ne, ba kamar mota ba, kuma shi ɗin ne ke shafa fistin, shi ne a giya, shi ne a kuloci, ga aikin sanyayawa. In ya ragu ko da kaɗan ne za ka ji a jikin mashin ɗin. Juyen mai na farko littafin da ke zuwa da mashin ɗin ya ce a yi wajen kilomita 500, kuma da aka zubo man a cikin wani yankakken galan na tsuguna na karkata shi a rana, wasu ƴan mitsi-mitsin ƙarfe ne ke ta ƙyalli a ciki, ga wani laka-laka a jikin ƴar ragar da ke ƙasan inji. Wannan duk gugar sabunta ce, dama ana sa ran ganinta, amma ka duba wanda zai bar wannan man yana zagayawa har kilomita 2000 wai ai mashin sabo ne. Nawa mai lambar kauri 20W-50 aka rubuta, wasu kamfanonin 10W-30 suke cewa, kowa ya bi littafin nasa, sannan a duba jikin robar a ga JASO MA ko MA2, alamar da ke nuna man na babur ne, don wasu mayukan mota suna da sinadarin da ke sa kuloci santsi, kuloci in yana zamewa kuma wani zafin ne a kan zafi. Man awo na gefen titi da ake ɗura wa mutum daga jarka mara suna kuwa ni dai ban yarda da shi ba ko kyauta ne, jabu ya yi yawa, ko na roba ma ka duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba.

Shi ma littafin sai da na roƙa aka ba ni, yana cikin leda a ƙasan kwali za a yar. Mutane nawa ne suka tafi ba nasu?

Ruwa kam don Allah a daina watsawa. Na sha gani a wajen masu wanki, mutum ya taho daga nesa inji na huci ya tsaya yaro ya sakar masa ruwa a kai, ko a gosulo wani ya fasa fiya wata ya zuba wai yana taimakonsa. Kan injin alminiyom ne, sanyi farat ɗaya yana iya lanƙwasa shi ko ya tsaga, gasket ya fara yoyo. In ya yi zafi ka samu inuwa ka kashe ka ba shi minti goma sha, shi kenan. Wankin ma yana da amfani in ya huce, musamman da damina da taɓo ke cika tsakanin ƙarafunan nan ya bushe, iska ta kasa ratsawa. Haka masu ɗaura faffaɗar roba ko fata a gaban inji don kare wando daga caɓi, su ma iskar suke tarewa.

Yadda nake tuƙa shi a kilomita 1000 na farko, ban matse totur har ƙarshe ba, ban kuma tsaya a gudu ɗaya na dogon lokaci ba, ina hawa ina sauka tsakanin kilomita 40 zuwa 60 a awa. Abin da dattijon nan ya fi ja min kunne a kai shi ne jan mashin a babbar giya da ƙaramin gudu, irin ka ɗauko mutum da buhu kana giya huɗu inji na gurnani wai kana tattalin mai, ya ce wannan ya fi gudun ma cutar da sabon inji, ka sauke giya ka bar shi ya numfasa. In na ga danja ko cunkoso zai daɗe kashewa nake. Ranar da na je Wudil kuwa duk da rana ce tsaka, zafin da na ji a ƙafata bai kai rabin na cikin gari ba, saboda hanya a buɗe take iska na dukan injin.

Yanzu da ya wuce sabis na biyu zafin ya sauka sosai, giya ta yi laushi, kik ɗaya yake tashi ko da zafinsa. A gosulon azahar har yanzu yana huci, kuma na san ba zai daina ba don haka ƙirarsa take, wanda aikinsa kullum cikin kasuwannin Kwari da Singa ne da lodi ya san da wannan kafin ya saya, ya kuma dinga duba baƙin mai da safe mashin na kan dogon jak. Zan sake sayen irinsa? Eh zan saya, kayan gyaransa ko'ina akwai kuma kowane bakanike ya san shi. Amma daga wajen haɗawa kai tsaye wajen bakaniken da na yarda da shi zan wuce a duba min kafireto da tafet da man da aka zuba, kuma ba zan bar shagon ba sai an miƙo min littafin a hannuna.