Tsire da gurasa a gindin darbejiya, da wanda na je da shi

Rumfar ba ta da allo, ba ta da suna. In ka taso daga Kabuga ka miƙi titin Gwarzo kamar za ka Rijiyar Zaki, hayaƙin ne zai fara yi maka sallama kafin ka hango tukubar. Mu a makarantar da nake koyarwa "gindin darbejiya" kawai muke cewa, kowa ya gane. Dattijo ne ke da wurin, da yara biyu masu taya shi, ɗaya yana kan wuƙa, ɗaya yana kan gurasa da karɓar kuɗi. Baba nake ce masa, shi kuma Malama yake ce mini tun ranar da ya gan ni da jan biro a hannu.

Na fara zuwa a watan Fabrairun 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, lokacin da kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Wanda ya zauna a Kano a lokacin ya san yadda aka yi ta kwana a layin banki. Ranar na sayi tsire da gurasa, na yi taransfa, aka cire kuɗin a wajena amma alat bai shigo masa ba. Na tsaya ina ta duba waya, kunya ta ishe ni, ga mutane a bayana. Baba ko ɗago kai bai yi daga yankan da yake ba, ya ce, "Malama, tafi da abinki kada ya huce. In ya shigo ya shigo, in ya dawo miki kya kawo." Bai san gidanmu ba, bai karɓi lambata ba. Kuɗin sun dawo mini bayan kwana biyu, na kai masa da hannuna. Tun daga nan ban ƙara sayen tsire a wani wuri ba.

Naman sa yake yi da na rago, kowanne da gefensa a kan tukuba. Abin da ya bambanta tsirensa shi ne ƙulin. Da yawan masu tsire yanzu suna cuɗa garin ƙuli da wani gari don ya yi auki, sai ka ji yana maƙale maka a dasashi. Nasa ƙamshin gyaɗa yake yi, kuma ba ya jibga shi don ya ɓoye ƙanƙantar nama. Yankan yana da kauri, yana barin ɗan kitse a tsakanin tsoka yadda in wuta ta taɓa shi zai narke ya jiƙa sauran. Yajin akwai citta da kanumfari da masoro, yana da zafi amma ba irin wanda zai hana ka jin ɗanɗanon naman ba. Balangunsa ma yana da kyau, musamman tozo, sai dai tozon ba ya kaiwa sallar isha.

Gurasar kuwa ita ce take mayar da ni. Daga Jakara ake kawo masa kullum da la'asar, gashin tanderu, mai ɗan baƙi-baƙi a ƙasa. In ka ce bandashe kake so, yaron zai yayyafa mata ruwan ɗumi, ya barbaɗa ƙuli, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kabeji, sannan ya ɗora ta a bakin tukuba na ɗan lokaci, inda maiƙon nama yake gangarowa. Wannan ɗorawar ita ce sirrin. Na gwada a gida da kasko, ba ta yi ba.

Akwai abubuwan da ba su yi mini ba, kuma zan faɗa. Benci biyu ne kawai, maza ne a kai kusan ko da yaushe, mace sai dai ta tsaya daga gefe ko ta jira a mota ko a adaidaita. In iska ta juyo, hayaƙin zai kama mayafinki har ki isa gida. Bayan magariba kuma jira ne sosai, don Baba ba ya yarda a sauke nama kafin ya gasu ko da layin ya kai titi. Takardar da suke naɗe nama da ita ma ba ta kwanta mini ba, tsohuwar takarda ce mai rubutu, shi ya sa nake zuwa da 'yar roba mai murfi.

A wannan wurin ne na kai wanda yake nemana da aure, kuma saboda daren ne na zauna rubuta wannan.

Wata takwas yana zuwa zance gidanmu. Ma'aikaci ne, yana da mota, yana da nutsuwa, ba ya wasa da salla, Umma ta yaba da gaisuwarsa. A wata takwas ɗin nan bai taɓa shigowa da ko lemon ɗari biyu ba. Azumi ya zo ya wuce ba kayan shan ruwa, salla ta zo ba ko goron salla ga ƙannena da suke shimfiɗa masa darduma suna kawo masa ruwa. Ni ce nake kare shi. Na ce gini yake yi. Na ce tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa a matse yake, litar da ake saye ƙasa da naira ɗari biyu ta haura dubu a wani lokaci, mutumin da ya ƙona mai ya zo ya gan ka ai ya yi ƙoƙari. Kuma ina tsoron a sa ni a layin 'yan matan da ake cewa abin hannun saurayi suke kallo. Ina da albashina, ko da kaɗan ne. Ban taɓa roƙonsa kati ba.

Ni na ce mu je, ranar wata Asabar, da ni da shi da autarmu mai shekara goma sha ɗaya. Ina so ya ga wurin da nake so. Muna isa Baba ya washe baki, ya ce, "Malama, yau da baƙi aka zo?" Ya sa yaro ya goge mana gefen benci, ya yanko ɗanɗano ya miƙa wa autar a tsinke.

Shi kuma ya tambayi kuɗin tsinke, aka faɗa masa, ya ce a rage. Baba ya ce albarka. Ya sake tayawa, ya ce a wani wuri ba haka ake sayarwa ba. Sai da suka ɗauki lokaci, mutane suna kallonmu, sannan ya ce a sa mana tsinke uku da gurasa ɗaya. Mutum uku. Da aka zare naman aka yanka, Baba ya ƙara gyara kamar yadda ya saba yi wa kowa, shi kuma ya tura takardar gaba ya ce, "Baba, a ƙara mana gyara mana." Aka ƙara. Autar ta kalli kular kunun aya da ke gefe, ta ce, "Yaya, zan sha." Kafin in buɗe baki ya ce akwai ruwa a mota. Ruwan leda ne guda biyu da suka kwana a mota, sun yi ɗumi. Yarinyar ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, ta ƙi cin naman sosai don kada a ce ta cinye.

Da aka zo biya ya daddanna waya, ya ce bankinsa ba sabis, in tura zai mayar mini. Na tura, na haɗa da kuɗin kunun aya gora biyu. Har yau bai mayar ba, ni ma ban tambaya ba.

Ko a nan ban yanke masa hukunci ba. Na ce wataƙila ƙarshen wata ne. Sai bayan sati biyu da na koma ni kaɗai, yaron gurasa yana naɗe mini, ya ce da murnarsa, "Anti, Alhajin nan da kuka zo da shi ya zama ɗan gida. Kusan kullum sai ya biyo, tozo yake saye da yawa, a mota yake ci." Baba ya daka masa tsawa, ya ce, "Kai, yi aikinka." Sannan ya juyo gare ni ya tambayi jikin Umma, kamar ba a ce komai ba. Ban taɓa jin ya ɗauki maganar wani mai saye ya kai wa wani ba, kuma ranar ma ba shi ya faɗa ba.

A adaidaita na yi ta juya maganar har gida. Da a ce shi ma ba ya ci, da na ce tattali ne, mutum ne mai tsimi, irin wanda zai hana kansa don ya tara. Da irin wannan ana iya zama, ana iya yin shawara a kan cefane. Mijin yayata direban adaidaita ne, wata rana ko kuɗin balas ba ya haɗawa, amma bai taɓa shigowa gidanmu ba tare da rake ko gyaɗa ko ƙosai a leda ba, kuma yana miƙawa ne yana dariya. Wannan rashi ne. Wanda ya ci tozo shi kaɗai a mota da gilashi a rufe, ya hana yarinya kunun aya a gaban mutane, ba rashi ke damunsa ba. Rowa ce, kuma ni da nawa ne take fara ci.

Da na faɗa wa Umma, ba ta zage shi ba. Ta tuna mini da hadisin Hindu 'yar Utba, da ta je wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, aka yi mata izini ta ɗauki gwargwadon buƙata bisa abin da aka sani. Umma ta ce, "Ita Hindu tana cikin ɗaki aka nema mata mafita. Ke ko kuɗin gaisuwa ba a kawo ba." Ta ce in yi istihara, in kuma tuna cewa wata rana haihuwa za ta zo da dare, likita zai rubuta magani, kuma wannan mutumin ne zai tsaya a gaban mai kemis.

Na yi istihara kwana uku. Da ya zo zance na gaya masa ya yi haƙuri, kada ya turo magabatansa. Ya tambayi dalili, na faɗa masa gaskiya, har da kunun aya. Ya ce yanzu a kan kunun aya zan rabu da shi? Na ce a kan fuskar ƙanwata ne a daren. Ya ce matan yanzu ba su da godiya. Na yi kuka bayan ya tafi, don na so shi, kuma wata takwas ba kwana takwas ba ne.

Jiya Juma'a na koma da autar, bayan la'asar kaɗan, lokacin da gurasa take isowa da ɗuminta kuma benci babu kowa. Wannan ne lokacin da nake ba 'yan'uwana mata shawara su je. Ku ce a haɗa muku tsiren rago da bandashe, a ɗora gurasar a bakin tukuba, a sa yajin a gefe in da yara. Yana karɓar taransfa, yana kuma karɓar kuɗi a hannu. Autar ta shanye gorar kunun aya ɗaya a tsaye, Baba ya ce wa yaron ya ba ta ta biyu ta kai wa Umma, ya hana ni biyan kuɗinta.